Kafin ka miƙa wa ɗan haya makulli, a kashe wuta a buɗe soket

Akwai wata magana da nake yawan ji a bakin masu gidajen haya, kuma duk sanda na ji ta sai raina ya sosu: "Ai wutar gidan lafiya lau take, ko'ina yana kawowa." Mutum zai shiga fulat ɗin da tsohon ɗan haya ya tashi, ya danna makunnin falo ƙwai ya kama, ya danna na kicin ya kama, ya soka caja a soket guda ɗaya ya ga waya ta fara caji, shikenan a wurinsa an gama da batun wuta, sai a koma maganar fenti da gyaran famfo da canja makullin ƙofa. Toh jama'a kawowar wuta daban, lafiyar wayarin daban, kuma ni da aikin wayarin ne sana'ata wannan ne abin da na fi shan wahalar fahimtar da mutane.

Ƙwan fitila waya biyu kawai yake buƙata ya kama, wadda wuta ke zuwa ta cikinta da wadda take komawa. Ko wayar ƙasa, wato ta ukun da ke kwashe wutar da ta zurare ta kai ta ƙasa don kar ta ja mutum, ta tsinke tun shekaru biyar da suka wuce zai kama. Ko an juya wayoyin an sa makunni a kan wadda ba ita ba zai kama. Ko sukurun da ya riƙe wayar ya saki tana ɗan tartsatsi a cikin bango zai kama, haka in wayar ta yi siriri da yawa ga nauyin da aka ɗora mata, duk zai kama ya haska ɗaki tar. Wato duk abubuwan da ke kashe mutum ko su tada gobara babu ko ɗaya da danna makunni zai nuna maka. Sabon fenti da farin soket a kan ruɓaɓɓen wayarin kyan ɗan maciji ne kawai.

Kuma abin da ya sa nake ɗora nauyin a kan mai gida shi ne, ɗan haya ba ya ganin cikin bango. Ya zo ya duba ɗakuna, ya leƙa banɗaki, ya buɗe taga ya ga iska na shiga, ya biya kuɗinsa ya kwaso iyalinsa. Bai san wa ya ja wayar ba, bai san yaushe aka ja ta ba, ba shi da ikon fasa bango ya duba, ko da yana da ikon ma ba zai gane abin da yake gani ba. Ya yarda da kai ne kawai. Yaronsa mai rarrafe shi zai riƙa taɓa soket ɗin da ke ƙasa-ƙasa, matarsa ita za ta riƙa kama famfon hita da jiƙaƙƙen hannu, su ne za su yi barci a ɗakin da wayar ke zafi a saman silin. Amana ce wallahi, ba wani abu ba.

Wani zai ce ai ni na gina, ko ni na sa aka yi wayarin ɗin da kaina kuma mai kyau aka yi. Na yarda. Amma tun daga lokacin mutum nawa suka zauna a ciki? Kowane ɗan haya da abin da yake bari. Wannan ya kira wani ya ƙara masa soket a bayan talabijin aka jawo daga layin fitila, wancan ya sa na'urar sanyaya ɗaki aka haɗa ta da layin da bai kai ba, wani ya buga ƙusa zai rataye hoto ta shiga ta gefen waya ta ɗan yanki robar bai ma sani ba, wani da zai tashi ya cire fankarsa ya naɗe bakin wayar da baƙin tef ya tura cikin silin. Ga ɓera, ga danshi, ga zafin da ke busar da roba a hankali. Gidan da ka bayar ba shi ake dawo maka da shi ba, ko da kuwa mutanen kirki ne suka zauna.

Lokacin da fulat yake babu kowa shi ne lokacin wannan aikin, babu wani lokacin da ya kai shi. Dubawa ta gaskiya sai an kashe wutar gidan gaba ɗaya na wasu awanni, sai an cire duk abin da ke jone, sai an kai hannu ga kowane soket, kuma ka san in mutane na ciki rabin soket ɗin suna bayan kabad da gado da firji, mai gidan yana wurin aiki, uwargida na cewa naman da ke firji zai lalace, ga jariri yana kuka saboda zafi, dole mai dubawa ya yi sauri ya tsallake wasu wuraren. In kuma aka gano sai an fasa bango an canja waya, toh a gidan da babu kowa aikin kwana kaɗan ne, a gidan da ke da mutane kuwa rigima ce. Don haka tsarin shi ne wuta tukuna, sannan filasta, sannan fenti. Sau da yawa ana kirana bayan an gama fenti tsaf ɗan haya zai tare jibi, in ce ga inda za a fasa, sai ka ga fuskar mai gida ta canja, daga nan sai a fara neman yadda za a lallaɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari in ɗan faɗi yadda dubawar take, don in ka kira mutum ka san ko aiki yake yi ko zagaye kawai.

Da ido ake farawa, kuma daga akwatin raba wuta, inda fis ko bireka suke. Wannan akwatin shi ke ba ka labarin gidan tun kafin ka ɗauko na'ura. Akwai wani fulat da na shiga, tsohon akwati ne mai fis irin wanda ake ɗaura siririyar waya a ciki, na zaro na layin soket sai na ga ba wayar fis ba ce a ciki, wani ne ya yanko jan ƙarfe daga ragowar wayar aiki ya murɗa shi ninki biyu ya ɗaure, gefen farin tangaran ɗin duk ya yi baƙi-baƙi, ana jin ɗan ƙaurin nan na ƙonanniyar roba. Na san yadda aka yi: fis ɗin yana yawan ƙonewa, mutum ya gaji, ya sa wanda ba zai ƙone ba. Toh ai fis an yi shi ne don ya ƙone, shi ne wurin da aka raunana da gangan don in nauyi ya yi yawa ya mutu a bar sauran wayar gidan. In ka hana shi mutuwa ka mayar da wayar da ke cikin bango ita ce fis ɗin.

Irin wannan ake yi da bireka ma, sai dai shi ya fi kama da aikin masu ilimi shi ya sa ya fi ruɗi. Bireka na yawan faɗuwa sai a cire mai amfiya 20 a sa mai 32 ko 40, a ce an magance. Alhali girman bireka ba da son rai ake zaɓensa ba, da kaurin wayar da yake karewa ake auna shi. A irin tsarin Ingila da ƙasashen da suka bi shi, layin fitila galibi waya mai kaurin murabba'in milimita 1 ko 1.5 ce da bireka mai amfiya 6, layin soket waya 2.5 da bireka 20, ko 32 in an yi layin zobe ne wanda ya zagaya ya dawo akwati, su kukar lantarki da hitar shawa kuwa waya 6 ko 10 suke so da layinsu na kansu. In ka ɗora babban bireka a kan ƙaramar waya, wayar za ta yi ta zafi bireka yana zaune abinsa bai ga laifi ba.

Daga akwati sai a bi soket da makunni ɗaya bayan ɗaya ana kwancewa. Wanda na fi zargi kullum shi ne na kicin inda ake jona butar lantarki ko tanda, da na inda ake guga. Daga waje wataƙila ɗan rawaya-rawaya kawai za ka gani a bakin rami ɗaya, wani ma babu komai. Ka kwance sukuru biyun ka jawo shi a hankali, sai ka ga robar wayar ta ƙandare ta yi ruwan ƙasa kamar tsawon ɗan yatsa, kana taɓa ta tana marmashewa, jan ƙarfen ya dushe ya yi baƙi, sukurun da ya kamata ya danne shi kuwa da yatsa ma za ka iya juya shi. Abin da ya faru shi ne haɗin ya saki, wuta na matsawa ta ɗan ƙaramin wuri, wurin na zafi, zafin na ƙara sakin haɗin, haka abin ke ta ciyar da kansa wata da watanni. Kuma abin tsoron, babu fis ko birekan da zai ga wannan, domin wutar da ke wucewa ba ta wuce ƙima ba, zafin ne kawai ya taru a wuri guda. Hannu da ido ne kaɗai ke kama shi, shi ya sa nake cewa a buɗe.

Bayan ido sai na'ura, kuma a nan ake bambance mai dubawa da mai riƙe da testa. Sukundireban nan mai ɗan ƙwai a gindi abin da kawai yake gaya maka shi ne akwai wuta a nan, bai san komai ba bayan haka. Ana buƙatar na'urar gwaji ta gaske. Da wuta a kashe ake gwada ko wayar ƙasa ta isa kowane soket da kowace fitila ba tare da ta yanke a hanya ba. Sannan a gwada lafiyar robar da ke jikin wayoyin, na'urar na tura bolt 500 a cikin layin ta auna ko yana zurarewa, a layin gida mai bolt 230 mafi ƙarancin abin da ake karɓa megaom 1 ne, lafiyayyar waya kuwa tana ba da ɗaruruwa, saboda haka ni ko ya haye 1 ɗin in na ga ya yi ƙasa sosai sai na bi na gano dalili. Wannan gwajin ne ya sa dole a cire duk kayan da ke jone, bolt 500 zai iya lalata su. Sai a tabbatar ba a juya wayoyi ba, wato makunni da fis suna kan wayar da ke ɗauke da wutar, don in aka juya za ka kashe makunni ƙwai ya mutu ka ɗauka babu wuta ka sa hannu ka canja shi alhali wutar na nan a bakin mariƙin. Daga nan a mayar da wuta a auna ko in waya ta taɓa jikin ƙarfe wutar da za ta bi ta ƙasa ta isa ta kayar da bireka da sauri, a layin soket abin da ake nema kar ya wuce daƙiƙa 0.4.

Yanzu ga abin da nake so kowane mai gida ya riƙe ko da ya manta sauran. Bireka na gama-gari waya yake karewa, ba mutum ba. Jikin ɗan Adam yana fara jin wuta tun daga wajen miliamfiya 1, in ta kai wajen 10 hannu na iya ƙanƙamewa mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe, in ta haura 30 zuwa sama ta bi ta ƙirji toh zuciya na iya rikicewa. Miliamfiya fa nake cewa, kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. Birekan soket ɗinka kuma mai amfiya 32 ne, wato ya ninka abin da ke iya kashe mutum sau dubu, wuta za ta ja mutum har lahira shi bai ko motsa ba, a wurinsa kamar an kunna ƙaramin ƙwai ne. Abin da ke kare mutum shi ne na'urar da ake kira RCD, ita aikinta ta riƙa auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, in ta ga bambancin ya kai miliamfiya 30 ta san wani wuri wutar ke zurarewa, wataƙila ta jikin wani, sai ta katse nan take, ƙa'ida kar ta wuce daƙiƙa 0.3, masu lafiya kuwa sun fi haka sauri nesa ba kusa ba. A Amurka irinta ake kira GFCI, tasu ma tun a wajen miliamfiya 5 take katsewa, kuma galibi a jikin soket ɗin banɗaki da kicin ake sa ta. Za ka gane ta a akwati da ɗan maɓallin gwaji da ke jikinta. In ka buɗe akwatin fulat ɗinka ba ka ga mai irin wannan maɓallin ba, ni a ganina kar ka ba kowa makulli sai an sa, ko doka ta tilasta maka ko ba ta tilasta ba. Kuma ko tana nan sai an gwada ta da na'ura an ga lokacin da take ɗauka, domin takan maƙale in ta shekara da shekaru ba a taɓa ta ba, tana nan a zaune kamar mai aiki alhali ta daina.

Wani abin baƙin cikin da nake tararwa shi ne a ga RCD ɗin an tsallake ta da waya, wai tana damun mutane da faɗuwa. Faɗuwar nan fa magana take yi, cewa take akwai hitar da ruwa ya shiga, ko injin wankin da wayarsa ta goge, ko danshi a fitilar waje. A nemo abin a gyara, ba a toshe mata baki ba.

Banɗaki kuwa ba na sassauci a kansa ko kaɗan. Jiƙaƙƙen jiki ba takalmi, wutar da za ta ɗan fizge ka a falo a can kashe ka za ta yi. Hitar ruwa lallai ta samu wayar ƙasa mai kyau da layinta da kariyar RCD, fitilar ciki ta zama rufaffiya wadda tururi ba ya shiga, soket na gama-gari bai da wurin zama kusa da shawa, bututun ruwa da na gas in na ƙarfe ne a ɗaure su da wayar ƙasa tun daga inda suka shigo. Duk wanda ya taɓa ce maka famfo na ɗan jansa in yana wanka, wannan ba abin a ce bari a gani ba ne, a kashe layin a ranar.

Shekarun wayar ma abin dubawa ne. A tsofaffin gidajen Birtaniya har yanzu akan tarar da waya mai baƙar robar da aka daina amfani da ita tun wajen shekarun 1960, wadda in ka lanƙwasa ta sai ta farfashe, kuma layukan fitilar da aka ja kafin 1966 da yawa ba su da wayar ƙasa sam, ka ga in aka zo aka sa fitila ko makunni mai jikin ƙarfe a irin wannan layin an haɗa tarko. Launin wayar ma yana nuna zamani, a can ja da baƙi ne na da, daga 2004 zuwa 2006 aka koma ruwan ƙasa da shuɗi, in ka ga an gauraya ka san an yi ƙari a kan tsohon aiki, sai a bi wuraren haɗin da kyau. A Amurka kuma tsakanin tsakiyar shekarun 1960 zuwa farkon 1970 an ja wa gidaje da yawa wayar alminiyam saboda tsadar jan ƙarfe, daga baya aka gano tana saki a wurin haɗi tana zafi. Tsufa kaɗai dai ba laifi ba ne, na ga tsohon aikin da ya fi sabo lafiya, gwaji ne ke raba gardama.

Wasu ƙasashen sun gaji da jiran masu gida su yi don Allah sun mayar da abin doka. Sikotilan ta fara tun Disamban 2015. Ingila ta bi da dokar 2020, wadda ta fara aiki a kan sabbin haya daga 1 ga Yulin 2020, ta game tsofaffin daga 1 ga Afrilun 2021: dole ƙwararre ya duba wayarin gidan haya aƙalla duk shekara 5, ya rubuta rahoton da suke kira EICR, sabon ɗan haya a ba shi kwafi kafin ya tare, in an sami matsala a gyara cikin kwana 28 ko ƙasa da haka in rahoton ya ce a gaggauta, wanda ya ƙi kuma ƙaramar hukuma ta ci shi tara mai nauyi. Abin da ya fi burge ni a tsarin nasu shi ne yadda suke rarraba matsala. C1 haɗari ne a fili yanzu-yanzu, kamar wayar da ke tsirara inda hannu zai kai, wannan mai dubawa ba ya barin wurin sai ya kashe ko ya rufe. C2 abin da bai cutar da kowa ba tukuna amma in wani abu ɗaya ya ƙara lalacewa zai cutar, kamar soket marar wayar ƙasa. FI na nufin an ga alamar da sai an ƙara bincike ba tare da ɓata lokaci ba. A tsarin da dokar ta fara da shi, ɗaya daga cikin ukun nan in ya fito gidan ya faɗi gwajin. C3 kuwa shawara ce, abin da zai fi kyau in an inganta amma ba ya kayar da gida. Ko a inda kake babu irin wannan dokar, ka ce wa mai duba maka ya rubuta maka a haka, wanne ne na yau, wanne ne na kafin a tare, wanne ne zai iya jira.

Kuma mu tuna fulat ba gidan da ke tsaye shi kaɗai ba ne, akwai mutane a samanka da ƙasanka. Gobarar benen Grenfell a Landan ranar 14 ga Yunin 2017, wadda ta ci rayuka 72, daga firji ta tashi a kicin ɗin fulat guda a hawa na huɗu. Gaskiya ne abin da ya sa ta game benen shi ne kayan da aka lulluɓe jikin ginin da su, amma mafarinta matsalar lantarki ce a ɗaki ɗaya. Shi ya sa in da kaya kake bayar da fulat ɗin, firji ne ko injin wanki ko kuka ko hita, su ma a duba su, igiyarsu da filoginsu da jikinsu, kar a ce ai wayarin bango kawai aka zo dubawa.

Toh an duba, an rubuta, sai gyara, kuma a nan ne ake gane mai gidan da tsaro yake nema da wanda takarda yake nema. An sha ce min "Malam ba za a iya rufe ido a kan wannan ba, ai shekara nawa ana zaune ba abin da ya faru." Ba zan iya ba. Sa hannuna a takardar nan cewa nake yi mutum zai iya kwana da ƴaƴansa a ɗakin, ba zan faɗi haka a kan abin da na gani da idona ya ƙone ba. Kuma shekarun da aka yi ba abin da ya faru ba hujja ba ce, waya ba ƙara lafiya take da tsufa ba. Abin da mutane ba su sani ba, yawancin gyaran ba wani babban aiki ba ne: ɗaure haɗin da ya saki, yanke bakin wayar da ya ƙone a sa sabon soket, mayar da bireka daidai da wayarsa, jawo wayar ƙasa inda babu, rufe haɗin da aka bari a fili cikin akwatinsa, canja akwatin raba wuta a sa mai RCD. Sake wayarin gaba ɗaya yana faruwa amma ba kullum ba.

Sai dai in yi adalci, a cikinmu masu aikin ma akwai waɗanda ke tsorata mai gida don su sami kwangila, a ga abin da shawara ce kawai a rubuta shi a matsayin haɗari, ko a ce sai an sake komai alhali layi ɗaya ne ya lalace. Maganin wannan mai sauƙi ne, ka tsaya a wurin lokacin da ake aikin, duk abin da aka ce ya lalace ka ce a nuna maka, a ɗauki hoto, a rubuta lambobin da na'ura ta bayar layi-layi. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan, daɗi ma yake ji. In maganar ta yi girma ka kira wani ya sake dubawa, ba laifi ba ne. Haka in mutum ya shiga ya fito cikin rabin awa bai kashe wuta ba bai kwance ko soket ɗaya ba ya miƙo maka takarda ya ce komai lafiya, wannan takardar ba ta kare kowa ba. Ka nemi mai rajista da hukumar da ke kula da masu aikin lantarki a inda kake, kuma kar ka yarda a sa kaya marasa inganci don sauƙi, akwai wayar da ake sayarwa alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a sama, ka kankare ta da wuƙa za ka ga fari a ciki. In an gama gyara a sake gwada layukan da aka taɓa, a ba ka shaida a rubuce, ka ajiye tare da rahoton farko.

Wata shawarar da nake ba kowane mai gida tunda an riga an buɗe bango, ya ƙara yawan soket. Ɗakin da ke da soket ɗaya tak kai da kanka ka tura ɗan haya ga ekstenshan, wani a jona a kan wani a bi da shi ƙarƙashin kafet. Filogi mai fis na amfiya 13 a wutar bolt 230 abin da zai iya ɗauka bai wuce wat 3000 ba, butar lantarki guda ɗaya kuma tana iya cin 2000 zuwa 3000 ita kaɗai, ka ga in aka haɗa ta da dutsen guga a ekstenshan ɗaya an riga an wuce. Ba za ka iya hana mutum amfani da kayansa ba, amma za ka iya ba shi isassun wuraren jonawa masu lafiya. Sannan a maƙala na'urar jin hayaƙi a silin, a danna ta a ji ƙararta kafin a tare, don gobarar dare hayaƙi ke fara kayar da mutane tun suna barci.

Ranar miƙa makulli kar a tsaya a bakin ƙofa kawai. Ka shiga da ɗan hayan har gaban akwatin raba wuta, ka nuna masa babban makunnin da ke kashe gidan gaba ɗaya, kowane bireka ya zama an rubuta a ƙasansa na ina ne, kicin, fitilu, hita, soket ɗin ɗakuna, da rubutun da kowa zai iya karantawa. Ka sa shi ya danna maɓallin gwajin RCD da hannunsa ya ji yadda take faɗuwa ya mayar, ka ce ya riƙa yin haka duk wata shida. Ka ba shi kwafin rahoton da lambar wanda zai kira, ka gaya masa ƙarara in ya ji ƙaurin roba, ko soket ya yi zafi, ko fitila na ƙyaftawa ba dalili, ko wani abu ya ɗan ja shi, ya kashe layin ya kira ka ko tsakar dare ne, kuma ba za ka ɗora masa kuɗin ba, domin da yawansu tsoron a ce su suka lalata ne ke sa su yin shiru su naɗe da tef. In kuma yana son ƙarin soket ko zai sa wata babbar na'ura, ya faɗa maka ka turo mai aikinka, a rubuta wannan a cikin yarjejeniyar hayar.